Riƙon Kyanwa da Kare a Zariya: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mana

Mu 'yan tsiraru ne da muke tsintar kyanwoyi da karnukan da aka yasar a Zariya da kewaye, mu yi jinyarsu, sannan mu nema musu gidan riƙo. Ba mu da ofis, ba mu da albashi. A cikinmu akwai ɗalibai, akwai malamar makaranta, akwai mai shago. Dabbar da muka tsinta a bakin kwata a Tudun Wada ko a bayan kasuwar Sabon Gari, a gidan ɗayanmu take kwana har a samu mai so. Abin da ya fi jawo mana surutu, har a tsakaninmu, shi ne tambayoyin da muke yi wa wanda ya zo karɓa. Wasu na cewa mun cika bincike, wasu na cewa muna sakaci. Ga amsoshinmu.

Wai a kan kyanwa kawai za a tsare mutum da tambayoyi kamar ya zo neman aure?

Wani dattijo daga Gyallesu ya taɓa faɗa mini haka, yana dariya: "Yarinya, kyanwa na zo karɓa, ba 'yarki ba." Na ce masa, "Baba, ai da 'yata ce da sai na aika a tambayo mini asalinka har kaka da kakanni. Wannan tambaya huɗu ce kawai." Ya zauna, muka yi hira, ya tafi da kyanwarsa.

Bahaushe ya san riƙo. In za ka ba ƙanwarka riƙon ɗanka, ba takarda kake ba ta ta cike ba, amma ka san gidan, ka san halin mijinta, ka san ko ana kwana da yunwa. Wanda ya zo mana ba mu san shi ba, don haka dole mu tambaya. Kyanwar gida mai samun kulawa tana iya kai shekara 12 zuwa 15, kare ma yakan haura 10. Wanda ya ɗauki 'yar kyanwa yau yana aji ɗaya a sakandare, tana iya kasancewa a gidan ranar da za a ɗaura masa aure.

To me kuke tambaya?

Na farko, mutanen gidan sun sani kuma sun yarda? Na biyu, wa zai riƙa ba ta abinci da ruwa kullum, har ranar da kai ba ka nan? Na uku, za ka kai ta a yi mata allurar rigakafi? Na huɗu, in abin ya gagare ka, ka yi alkawarin dawo mana da ita maimakon ka sayar ko ka jefar?

Sauran duk hira ce. Mukan tambayi mutum ko ya taɓa kiwon dabba da kuma abin da ya same ta. A nan ne ake jin gaskiya. Wanda ya ce "na yi kyanwa shekara bakwai, mota ce ta buge ta a titin Kwangila," kuma ka ga fuskarsa ta canza, ba sai an ƙara tambayarsa komai ba. Wanda ya ce "na yi karnuka kusan biyar, duk ba sa daɗewa," to da shi za a ɗan zauna. Mai yiwuwa cutar gudawar jini ta 'yan kwikwiyo ce take kashe masa su, wadda allura ke hanawa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Mai yiwuwa kuma wani abu ne daban.

Na ji a Turai da Amurka sai an cike fom mai shafuka, an zo an duba gida. Me ya sa ku ba ku yin haka?

Gaskiya ne, kuma sun daɗe a harkar. Ƙungiyar kare dabbobi ta Ingila, RSPCA, tun 1824 aka kafa ta. Takwararta ta Amurka, ASPCA, an kafa ta a birnin New York a 1866. Ƙungiyoyi da yawa a can sukan nemi mai karɓa ya kawo shaidar likitan dabbobinsa, da izinin mai gidan haya, da sunayen mutanen da za su tsaya masa. Wasu ba sa ba da kare sai gidan yana da shinge. Wasu sukan hana mai ƙananan yara, ko mai wuni a wurin aiki, ko tsoho.

Amma su kansu an yi shekaru suna jayayya a kan wannan. Miliyoyin karnuka da kyanwoyi ke shiga gidajen ajiyar dabbobi a Amurka kowace shekara, kuma dubban ɗaruruwa ake kashewa da allura, da yawansu don babu wurin ajiye su. Sai wasu suka fara tambaya: in an hana mutumin kirki kare don gidansa ba shinge, wa ya amfana? Mutumin zai je ya saya a wurin masu kiwo don kasuwa, inda ba mai tambayarsa komai, karen da aka hana shi kuma yana nan a keji. Shi ya sa wata babbar ƙungiyar kare dabbobi a Amurka, wadda a lokacin ake kira Humane Society, ta fito da wani tsari da ta kira Adopters Welcome, wato a yi maraba da masu karɓa, a mayar da tantancewa hira, a daina yi wa mutum kallon mai laifi tun daga bakin ƙofa.

A Zariya hujjar ta fi ƙarfi. A nan ba wanda yake buƙatarmu kafin ya samu kyanwa. Maƙwabciyarsa tana da 'ya'yan kyanwa biyar a bayan randa tana neman mai raba ta da su. Yaro zai kawo masa kwikwiyo daga Bomo a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. In muka kafa masa sharuɗɗa goma sha biyu, zai ce "Allah ya ba mu alheri" ya tafi, ya samu dabba a wani wuri ba allura ba shawara, mu kuma mun rasa gida ɗaya, mun rasa mutumin da zai iya kiranmu ranar da dabbarsa ta kwanta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuma yawancin sharuɗɗan can ba su da ma'ana a nan. Shaidar likita? Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a, tunda ga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da asibitinta na koyarwa, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika. Duk da haka mutum nawa ne a cikin ganuwa yake da likitan da ya san kyanwarsa da suna? Shinge? Kowane gida yana da katanga, kuma ba a taɓa gina katangar da ta gagari muzuru ba.

Ashe kenan kowa ya zo sai ku miƙa masa?

A'a. Ba a bai wa kura ajiyar nama. Mu ma muna da namu haɗurran, sai dai ba irin na Landan ba ne.

Akwai fataucin karnuka. Ana bin ƙauyuka da unguwannin Arewa ana sayen karnuka, a loda su a mota zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, daga can wasu su wuce Kudu, inda ake cin namansu. Sana'ar wasu ce, ba mu zo yin shari'a da kowa ba, amma karen da muka yi wata biyu muna wanke masa ƙazwa ba don wannan muka yi ba. In baƙo ya zo yana tambayar karnuka nawa muke da su, yana son manya, bai damu da halinsu ko jinsinsu ba, yana son uku a tashi ɗaya, mun san inda aka dosa.

Akwai masu sayarwa. Tunda aka fara yayin kyanwoyi masu dogon gashi a Instagram da TikTok, duk ranar da muka sa hoton mai kama da su, waya ba ta hutawa. A cikin masu kiran akwai wanda gobe zai sa mata farashi, ko ya kulle ta a keji ta yi ta haihuwa yana sayar da 'ya'yan. Da irin wannan kyanwar muke fi tsanantawa. Baƙar kyanwar gida kuwa, wadda camfi ya sa mutane ke gudu, wanda ya zo da kansa ya ce ita yake so, kusan ya gama amsa tambayoyinmu.

Sai mai son kyanwa don ɓera kawai, ya rufe ta a sito ko shago ba abinci, wai yunwa ce za ta sa ta yi farauta. Son kyanwa don ɓera ba laifi ba ne, shi ne dalilin da ya haɗa mutum da ita tun farko. Amma kyanwar da ta ƙoshi ma tana kama ɓera, halinta ne. Kuma in an riga an zuba maganin ɓera a siton, ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma tana iya tafiya. Wannan mutumin ba hana shi muke yi ba, bayani muke masa. In ya ji, shi ke nan.

Ni talaka ne. Za ku ba ni?

Za mu ba ka. Ba ma tambayar albashi, ba ma duba ko gidan siminti ne ko na ƙasa. Mafi ƙibar kyanwar da na sani a garin nan tana wurin wata mai tuyar kifi ce. Mafi wahalar karen da na taɓa gani kuwa a wani katafaren gida yake a GRA, ɗaure da sarƙa a rana, kwanon ruwansa a bushe, don kowa a gidan yana zaton wani ya ba shi.

Abin da za mu gaya maka shi ne kyanwa maciyar nama ce. Tuwo da miya kaɗai ba za su riƙe ta ba, tana buƙatar kan kifi, ƙwai, ɗan abin da mahauci zai zubar. Kuma akwai kuɗin allura sau ɗaya a shekara. In ka ga za ka iya, mun yarda da kai.

Dole sai kun shigo gidana? Gidanmu ba a shiga.

Ba dole ba ne. Mun yi muhawara sosai a kan wannan. A cikin birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, namiji baƙo iyakarsa zaure, kuma ba za mu ce a karya al'adar gida don kyanwa ba. In akwai buƙatar gani, mace ce a cikinmu take shiga, ta gaisa da matan gida, ta ga inda dabbar za ta kwana. Sau da yawa wannan ziyarar ta fi amfani, domin maigida ne ya zo karɓa amma uwargida ce za ta wuni da ita. In Hajiya ta ce "ni fa ba na son abin da zai hau mini gado," gara mu ji tun yanzu.

Ga kyanwa, yawanci mukan kai ta da kanmu har ƙofar gida, mu ga unguwar, mu san wurin. Ga kare mukan so mu ga inda za a ajiye shi: akwai inuwa? Zafin watan Maris da Afrilu a Zariya yana kashe karen da aka ɗaure a fili. Akwai inda zai fake da damina, da inda zai lafe da hunturu?

Ni ɗalibi ne, ina zaune a ɗakin haya a Samaru. Me ya sa kuka ce in dakata?

Ba don ba mu yarda da ɗalibai ba, rabinmu ɗalibai ne. Matsalar ita ce ɗalibi yana da ranar tafiya. Duk ƙarshen zango mukan ga kyanwoyin da aka saba ba su abinci a hannu suna yawo a bayan ɗakunan haya, ba su iya neman na kansu ba. Lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, mutane sun tafi gida da niyyar mako biyu, suka bar dabbobi a hannun maƙwabta, maƙwabtan ma suka tafi.

Don haka tambayarmu ga ɗalibi ita ce: in an yi hutu, ina za ta je? In ka ce za ka tafi da ita gida Funtuwa ko Kafanchan, Mama ta sani? Kira ta mu ji. In ba ka da amsa, akwai hanyar da ta fi dacewa da kai: riƙon wucin gadi. Ka riƙe mana dabba wata ɗaya ko biyu har a samu gida na dindindin. Muna matuƙar buƙatar masu yin haka, kuma ba ka ɗaure kanka da alkawarin shekara goma ba.

Mai gidan haya kuma, ka tambaye shi da kanka. Ba za mu kira shi ba, amma in ya ce a fitar da ita, mu za ka dawo wa.

Yarona ne yake so. Zan iya aiko shi ya karɓa?

A'a, sai babba ya zo. Yaro yana son kwikwiyo mako biyu, daga nan sai ƙwallo ta ɗauke masa hankali. Gida mai yara kuwa ba ma hana shi, yaran da suka tashi da dabba sukan fi tausayi. Sai dai a koya musu kada su ja wutsiya, kada su taɓa kare yana cin abinci.

Wane sharaɗi ne ba ku sassautawa ko kaɗan?

Allurar ciwon haukan kare. A nan ba Baba, ba Hajiya, ba ranka ya daɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Yara ne da yawa daga cikin mamatan, domin su ke wasa da karnuka, kuma sukan ɓoye cizon don tsoron faɗa. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma allura tana hana ta, kuma masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar takan daina yawo a wurin. Ba sai an je waje neman maganin ba: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana yin allurar. Ana fara yi wa kwikwiyo daga wata uku, sannan a riƙa maimaitawa yadda likita ya rubuta a kati. Kyanwa ma tana kamuwa, ita ma a yi mata. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, kuma a irin wannan lokacin likitocin dabbobi sukan yi gangamin rigakafi, sai a sa kunne.

Karen da ya fita daga hannunmu ba ga mai riƙo kaɗai yake zuwa ba, unguwa guda muka kai wa shi, da almajiranta da 'yan makarantarta. Wanda ya ce shi bai yarda da allura ba, ko ya ce kakanninsa sun yi kiwon karnuka ba allura, za mu yi masa bayani sau ɗaya, sau biyu. In ya tsaya a kan bakansa, ba za mu ba shi ba.

Tunda maganar ta zo: in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko ganye ana jira a ga abin da zai faru.

Me ya sa kuke son a yi wa dabba aikin hana haihuwa? Addini ya yarda kuwa?

Lissafi ne. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin yana ɗaukar kwana 63 zuwa 65, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya uku zuwa biyar. Yawancin waɗanda muke tsinta a kwali a bakin bola daga nan suka fito: gida mai son kyanwa ɗaya ya wayi gari da tara.

Ta fuskar addini, malamai sun yi saɓani, wasu sun karhanta, da yawa sun halatta in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Mu kanmu mun saba da fiɗiye bunsuru ya zama taure. Mukan ce wa mutum ya tambayi malaminsa. Ba mu mayar da wannan sharaɗi na dole ba, domin aikin yana da tsada kuma sai likita, da allurar barci. Kada a kuskura a ba wani mai wuƙa a unguwa. Wanda bai yarda a yi ba, mukan ba shi namiji, ko mu yi yarjejeniya cewa in ta haihu zai kira mu, kuma ba za a raba 'ya'yan da uwarsu ba sai sun kai mako takwas.

Kare fa? Mai gadi da mafarauci suna samu?

Suna samu, kuma su ne mafi yawan masu zuwa. A nan mutane ƙalilan ne ke ajiye kare don sha'awa kawai. Hadisi ya ba da izinin kare na farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata. Ƙungiyar da ta ce sai wanda zai kwana da kare a ɗaki za ta ba, a Zariya za ta tsufa da karnukanta.

Mafarauta na ainihi sun san kare fiye da mu. Sun san mai gudu, sun san mai hanci, suna cire masa kaska da hannunsu. Abin da muke roƙonsu allura ce, musamman da yake karnukansu na haɗuwa da namun daji. Mai gadi kuma, sharaɗinmu kada ya ɗaure kare dare da rana, kada ya hana shi abinci wai don ya yi zafi, kada ya sa yara su riƙa tsokanarsa. Karen da aka yi wa haka ba ɓarawo yake fara cizo ba, ɗan gidan yake fara cizo.

Mukan kuma tambayi maƙwabta. A unguwar da gidaje ke manne da juna, kare mai haushi har asuba yana jawo ƙara wurin mai unguwa, wani lokaci kuma a wayi gari an jefo masa nama mai guba ta katanga.

Ana biyan kuɗi?

Ba ma sayar da dabba. In mun riga mun yi mata allura, mukan nemi mutum ya mayar da kuɗin allurar don mu yi wa ta gaba. Wanda ba shi da shi, ba ya hana a ba shi. A cikinmu akwai masu ganin ɗan kuɗin yana korar 'yan fatauci, tunda riba suke nema. Ni ban cika yarda ba: wanda zai sayar da kyanwa mai dogon gashi ba kuɗin allura ne zai tsorata shi ba.

In za ku hana mutum, yaya kuke gaya masa?

Da mutunci, kuma da dalili. Abin da na fi ƙi a wannan harka shi ne a yi wa mutum shiru, ya yi ta kira ba a ɗauka. Mutum ya zo da niyyar alheri, ya koma gida yana jin an raina shi, gobe ko ya ga kyanwa a kwata ba zai kira mu ba. Mukan ce, "Malam, wannan karen ba zai dace da gidanka ba, yana tsoron yara, amma ga wani." Sau da yawa ba mutumin ne bai dace ba, haɗin ne bai yi ba.

Na taɓa hana wata baiwar Allah kyanwa don ta zo da yara shida suna ta hayaniya, na ce a raina za su wahalar da ita. Bayan wata uku na je gidanta wata sabga, na tarar ta samo kyanwa a wurin maƙwabta, tana kwance a kan cinyar autan, sumul da ita. Wadda na hana ta kuwa tana nan a ɗakina, ta shiga wata na biyar ba mai so.

Ba gara dabbar ta zauna a wurinku ba, tunda ku kun san darajarta?

Wannan tunanin shi ne tarkon da masu ceton dabbobi ke faɗawa a ko'ina. Mutum ya fara da kyanwa uku, kowa ya zo sai ya ga bai isa ba, a shekara biyu ya tara talatin a ɗaki biyu. Mura ta kama ɗaya ta kama duka, ƙuma ta cika gidan, abinci ba ya isa, maƙwabta na toshe hanci. Shi kuma har zuciyarsa yana ganin ceto yake yi. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Mukan karanta shi a kan wasu, amma mai ceton da ya tara abin da ya fi ƙarfinsa ya kamata ya fi kowa jin tsoronsa. Shi ya sa muka yanke wa kanmu iyakar adadin da kowa zai riƙe a gidansa. Kuma duk dabbar da ta zauna a hannunmu ta tare wurin wata da ke kan titi.

Bayan na ɗauka, shi ke nan mun rabu?

A nan ne namu tsananin yake. Za mu kira ka bayan kwana uku, bayan mako biyu, bayan wata uku. Za mu nemi hoto ta WhatsApp, da hoton katin allura. Ba don muna zarginka ba. Kowa yana iya amsa tambayoyi da kyau ranar farko, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kuma yawancin abin da ke kashe dabba a sabon gida rashin sani ne, ba mugunta ba. Mutum ya ga kyanwarsa ba lafiya ya ba ta farasitamol, bai san ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta ba. Ya fesa mata maganin sauro ko ya shafa mata otapiyapiya don ƙuma. Ya cika mata kwano da madarar shanu ta kama zawo. Ya zuba wa kare ragowar miya mai albasa da yawa kullum. Kiran waya ɗaya yana hana duk wannan, fom mai shafi goma ba ya hanawa.

Kyanwa a sabon gida takan ɓuya a ƙarƙashin gado kwana biyu ko uku, ba ta ci sosai. Kada ka tsorata, kada kuma ka buɗe mata ƙofa. Ka bar ta a ɗaki kamar mako biyu da kwanon yashi, har ta san nan ne gida.

In na ga ba zan iya ba fa?

Dawo da ita. Ba za mu yi maka faɗa ba, ba za mu sa sunanka a ko'ina ba. An yi maka canjin wurin aiki, an yi haihuwa, amarya ta tare kuma tana da asma, duk suna faruwa. Wanda ya dawo da dabba ya cika alkawari, kuma in ya sake zuwa wata rana za mu ba shi. Abin da ba ma yafewa shi ne a sa ta a buhu a kai bakin Kubanni ko bayan dutsen Kufena a sake. Kyanwar da ta tashi a ɗaki ba ta kwana nawa a can.

Kuna karɓar aku, ko biri, ko kunkuru?

Ba ma ba da riƙon namun daji. Aku mai jar wutsiya, wanda ake yawo da shi a keji, tun 2017 CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda yake ƙarewa. Biri kuma yana da daɗin kallo yana ƙarami, in ya girma sai cizo. In irin waɗannan suka faɗo hannunmu, likitocin dabbobi muke tuntuɓa su nuna mana inda ya dace.

Ranar ɗauka me zan zo da shi?

Ga kyanwa, kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huda, da tsohon zane a ciki. Kada ka ce za ka riƙe ta a hannu a kan acaɓa, ƙarar mota ɗaya za ta yakushe ka ta dire, ba kuwa za ka sake ganinta ba. Keke Napep ya fi. Ga kare, igiya mai laushi, ba waya ba. Ka zo da safe ko bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi, ka kuma zo da lambar waya ta biyu, ta wani a gidan, ko da taka za ta ƙi shiga.